Yadda Makaranta Za Ta Rage Hayaƙi Da Ƙurar Da Yara Ke Shaƙa: Jagora Daga Jos

Wata safiyar Litinin a watan Janairu, sanyin Jos ya sauko sosai, irin wanda yara ke shigowa aji hannuwansu cikin hammata. Baba maigadin makarantarmu ya tara sharar da aka share ranar Juma'a a bayan aji huɗu, ya cinna mata wuta yana jin ɗumi. Busassun ganye ne da takardu da ledojin fiya wata da wani tsohon silifas. Tagogin ajin a rufe suke saboda sanyi, amma gilasai biyu sun fashe, ta nan hayaƙin ya riƙa shiga, ya rasa hanyar fita. Ban kai rabin kiran suna ba sai na ga wata yarinya a benci na uku ta dafa tebur da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka. Na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Malam, ƙirjina..." ba ta iya ƙarasawa ba. Asma gare ta, kuma ba wanda ya sani a makarantar. A Keke muka kai ta asibiti, Allah ya sa da sauran kwana.

Tun ranar na daina kallon gurɓatar iska a matsayin maganar manyan birane masu masana'antu. Ba mu da ikon hana hunturu kaɗawa, ba mu da iko da motocin da ke bin Bauchi Road ko cunkoson Terminus. Amma kaso mai yawa na hayaƙin da yaro ke shaƙa daga ƙarfe bakwai zuwa ƙarfe biyu, a cikin katangar makaranta ko a bakin ƙofarta ake yin sa, kuma mu ne ke yin sa. Wannan kason shugaban makaranta zai iya rage shi cikin zango ɗaya, mafi yawansa ba da kuɗi ba.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a san abin da ake faɗa da shi. Ƙurar da ido ke gani, hanci da maƙogwaro suna tare wani abu daga cikinta. Mafi haɗari ita ce wadda ba a gani, masana na kiran ta PM2.5, ƙwayoyi ne da suka fi silin gashi sirantaka kusan sau 30. Suna wucewa har can ƙasan huhu, wasu su shiga jini. Daga hayaƙin itace da gawayi da bola da salansar mota da janareta suke fitowa, akwai su kuma cikin hazon hunturu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska, ta cikin gida da ta waje, na jawo mutuwar mutane kusan miliyan 7 a shekara. Yaro kuma ya fi babba shan wahala: numfashinsa ya fi sauri, huhunsa bai gama ƙosawa ba, hancinsa kuma ya fi kusa da ƙasa, daidai inda salansa ke feso hayaƙi.

Mataki na 1: Zagaya makarantar da littafi da biro

Kada a fara da taro ko kwamiti. Malami ɗaya da ɗalibai biyar ko shida su ɗauki mako guda suna zagaya makaranta sau uku a rana: da safe lokacin shigowa, lokacin tara, da lokacin tashi. Su zana taswirar makarantar a takarda, duk inda suka ga hayaƙi ko ƙura su sa alama, su rubuta lokaci da kuma inda iska ke kai shi. A zagaya har bayan katanga, domin mai babbakar kan saniya ko mai walda da ke maƙwabtaka da ku yana cikin lissafi.

A haɗa da wani ɗan gwaji mai sauƙi. A yanka farin kwali girman tafin hannu guda shida, a shafa wa kowanne basilin siriri, a huda a ɗaura da zare: ɗaya a bakin get, ɗaya kusa da bola, ɗaya gefen janareta, ɗaya a madafa in akwai, ɗaya cikin aji kusa da allo, ɗaya a wurin da kuke ganin ya fi ko'ina tsabta. Bayan kwana bakwai a sauke su a jera a teburin shugaban makaranta. Kwalin ba zai kama ƙwayoyin nan marasa ganuwa yadda za a ƙirga su ba, manyan yake riƙewa. Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Na ga malamin da ya yi ta musu cewa ana zuzuta magana, da ya ɗauki kwalin bakin get ya ga ya koma kalar toka, shi ya fara cewa a kira direbobi. A rubuta kwanan wata a bayan kowane kwali a adana, za a neme su daga baya.

Mataki na 2: A daina ƙona bola, a kuma samar mata mafita

Nan ne babban aikin, nan kuma mutane suka fi faɗuwa. Shugaban makaranta zai tsaya a asambile ya ce daga yau an hana ƙona shara, a tafa, bayan mako biyu bola ta cika ta fara wari, wani ya kyasta ashana da yamma bayan an tashi. Doka ba ta hana ƙona shara matuƙar ba a san inda za a kai ta ba.

A raba sharar gida uku tun daga aji. Ba sai an sayi bokitai masu launi ba, tsofaffin buhunan shinkafa da kwanduna sun isa, a rubuta a jiki.

Kashi na farko, abin da ke ruɓewa: ganye, ɓawon lemo da ayaba, totuwar masara, ragowar abinci. A makarantar da ke da bishiyoyi, wannan shi ne mafi yawa. A haƙa rami biyu a can gefe, nesa da rijiya, kowanne zurfinsa ya kai ƙugu. A zuba busasshen ganye, a bi shi da ɗanyen abu, a barbaɗa ƙasa kaɗan, in an samu kashin awaki ko na kaji a ƙara, a yayyafa ruwa ya yi danshi ba caɓi ba. Duk mako biyu a juya da shebur don iska ta shiga. In rami ɗaya ya cika a rufe shi a koma ɗayan. Cikin wata uku zuwa huɗu zai zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasa. A Jos taki ba ya kwantai. Masu lambun kabeji da karas da latas suna neman sa, makaranta ma za ta buƙace shi in ta zo shuka.

Kashi na biyu, ledojin fiya wata da robobin ruwa da na lemo da gwangwani. A tara su a buhu a ɗaure baki. Masu sayen robobi da 'yan bola jari suna zagayawa, a nemi mutum ɗaya a yi magana da shi ya riƙa zuwa duk Juma'a. Ɗan abin da aka samu a sayi tsintsiya da alli. Leda da roba da taya su ne abin da bai kamata wuta ta taɓa ba ko kusa, domin hayaƙinsu yana ɗauke da guba da ta wuce ta itace nesa.

Kashi na uku, abin da ya rage. In an raba da kyau, zai yi kaɗan ƙwarai. A rubuta wa hukumar tsabtar muhalli ta Jihar Filato, PEPSA, a nemi sanin wurin zuba shara mafi kusa da ranar da mota ke zuwa, ko a yi jinga da mai kura ya riƙa kaiwa can.

Sai maganar maigadi. Dattijon da ke kwana a waje a Jos, garin da ke kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, ba don ganganci yake hura wuta ba, sanyi ne ke cin sa. Bayan abin da ya faru na same shi na ce, "Baba, hayaƙin nan ne ya tayar wa yarinyar nan da ciwo." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Malam ban sani ba. To ya zan yi da sanyin asuba?" Tambayarsa tana kan hanya. Malamai suka haɗa kuɗi aka saya masa bargo mai kauri da rigar sanyi da safa da hula, aka toshe ɓarakar ɗakin gadi, aka ba shi filas na shayi. In kun tsallake wannan, wutar za ta dawo.

Mataki na 3: Shara da allo

Al'adarmu ita ce yara su zo da sassafe su share aji da tsintsiya, ƙura ta turnuƙe, sannan su zauna a cikinta. A mayar da sharar aji zuwa bayan tashi, ƙura ta kwanta cikin dare. A yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. In ruwa na wahala, a ajiye baho a wurin alwala, ruwan da ya taru ya ishi aji biyu ko uku. A goge allo da tsumma mai laima, a hana yara buga dasta a bango. Daɓen da ya farfashe a yi masa faci da siminti ko da aji ɗaya ne a zango. Yaron da ke da asma ko yawan tari a cire shi daga jerin masu shara, a ba shi wani aikin.

Mataki na 4: Bakin get da janareta

Ku tsaya a ƙofar makaranta minti goma kafin tashi ku ƙirga injinan da ke aiki alhali ba tafiya suke ba: Keke, bas ɗin makaranta, motocin iyaye. Yara 'yan nazare suna fitowa fuskokinsu daidai salansa. A Landan akwai wata yarinya, Ella Kissi-Debrah, da ke zaune kusa da wani babban titi mai cunkoso. Asma ta yi ajalinta a 2013 tana shekara tara, a 2020 kuma mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko da aka rubuta haka a takardar mutuwar wani a ƙasar. A garin yanzu akwai makarantu da yawa da ake hana motoci bin titin gabansu a lokacin shiga da tashi.

Mu ba lallai mu iya rufe titi ba, amma za mu iya abu biyu. A kafa allo da Hausa da Turanci: "In ka tsaya, kashe inji." A kuma ware wurin jira ɗan nesa da ƙofa, yara su taka zuwa can da rakiyar malami. A tara masu Keken da ke jigilar yara a yi musu bayani cikin mutunci. Da tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a 2023, ba wanda zai ƙi shawarar da za ta rage masa shan mai.

Masu suyar awara da ƙosai da dankali a bakin get, kada a kore su. Abincinsu suke nema, yaranmu kuma a wurinsu suke karyawa. A duba taswirar mataki na farko a ga inda iska ta fi nufa, a roƙe su su matsa ɓangaren da hayaƙi zai yi waje. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abu ɗaya da za a tsaya a kansa shi ne kada a hura wutar da leda ko roba, kamar yadda ake yawan yi in itace ya ƙi kamawa.

Janareta kuwa, a fitar da shi daga baranda da ƙarƙashin bene. Ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, salansar ta kalli nesa da azuzuwa, a riƙa yi masa sabis a kan lokaci.

Mataki na 5: Ranakun hazo

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Wannan ba a hannunmu yake ba, sai dai a rage yawan abin da yara za su shaƙa. Hukumar hasashen yanayi, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo a rediyo da intanet, a ɗora wa malami ɗaya alhakin bibiya. A kuma zaɓi wata alama da ake hangowa daga makaranta, dutse ko hasumiyar masallaci ko turken waya. Ranar da aka wayi gari ba a ganin ta, ranar hazo ce: a taƙaita asambile ko a yi ta a aji, a ɗage wasan motsa jiki da ƙwallo, domin mai gudu ya fi zuƙar iska. A rufe tagogin ɓangaren da iska ke bugowa, a ɗan buɗe na ɗaya ɓangaren, kada a toshe aji mai yara saba'in ruf. Takunkumin yadi yana tare manyan ƙura ne kawai. Ga yaro mai asma, samfurin N95 da ya zauna a fuska sosai ya fi amfani. Yara su zo da ruwan sha.

Mataki na 6: Makarantun kwana da tsangayu

Wannan ɓangaren maganar rai ce kai tsaye. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. A ɗakin da ke rufe, mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, barci ya ɗauke shi, wani ba ya farkawa. Ita ce kuma ke cikin hayaƙin janareta. A lokacin sanyi ɗalibai kan saci hanya su shigar da kaskon wuta ɗakin kwana. Kada a bar wannan ga duka da horo kawai, a zaunar da su a gaya musu dalili, mai kula da ɗaki ya riƙa zagayawa bayan an kashe fitila, a tabbatar kowa na da bargo. Hadisin Manzon Allah (SAW) da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana barin wuta a cikin gida lokacin barci, yara sun fi riƙe magana in aka haɗa musu da shi. In aka tarar da wanda ya galabaita a ɗaki mai gawayi, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da shi fili, a garzaya asibiti ko da ya farfaɗo. Igiyar leko ma hayaƙi ce a rufaffen ɗaki har asuba, gidan sauro ya fi ta.

A madafa, matan da ke dafa wa ɗaruruwan ɗalibai a kan murhu mai duwatsu uku su suka fi kowa shan hayaƙi a makarantar. In gas ya fi ƙarfin aljihu, a gina murhun laka ko na bulo mai rufe gefen tukunya, da bututun da zai fitar da hayaƙi sama da rufi. A ajiye itace a rumfa ya bushe, ɗanyen itace shi ke hayaƙi. A rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare don ya rage zama a kan wuta.

A tsangayu, inda almajirai ke karatun dare da na asuba kewaye da wuta, fitila mai caji da hasken rana guda biyu ko uku za ta ɗauke buƙatar hasken. Mai neman inda zai yi sadaka a unguwa, ga wuri.

Mataki na 7: A san masu asma tun kafin ta tashi

A farkon zango a tambayi iyaye a rubuce: yaronku na da asma ko yawan sarƙewar numfashi? Wane magani likita ya ba shi? Wa za a kira? Malamin aji ya san su, inhela, wato maganin asma da ake shaƙa ta baki, ta kasance a jakar yaron ko a ofis inda hannu zai kai da sauri. Wasu iyayen na ɓoyewa don tsoron kada a ce ɗansu mai ciwo ne, sai an kwantar musu da hankali. In ciwon ya tashi, a fitar da yaro daga hayaƙi ko ƙurar, a zaunar da shi a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta masa kaya, a ba shi inhelarsa yadda likita ya tsara. Kada a ɗura masa manja ko wani jiƙo. In ya kasa haɗa magana, ko leɓɓansa sun canza launi, ko maganin bai yi aiki ba cikin 'yan mintoci, asibiti nan take, a kira iyaye a hanya.

Mataki na 8: Shuka

Mutane da yawa da shuka suke farawa domin ita ake ɗauka a hoto. Na sa ta nan ƙasa da gangan. Bishiya ba ta maganin bolar da ke ci da wuta, kuma sai ta yi shekaru kafin ta yi aiki. Amma shinge mai duhu tsakanin titi da filin wasa yana tare ƙura, ciyawa kuma tana riƙe ƙasar fili. A shuka a Mayu ko Yuni in damina ta zauna, da takin ramin nan. Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana nan Jos, a je a nemi shawarar irin da ya dace. Dogon yaro da mangwaro da fiya suna yi a garin nan. Bishiyar turare tana shan ruwa da yawa, a nisanta ta da rijiya da gini. Kowane dashe a kewaye shi da kwando ko ƙaya saboda awaki, a damƙa shi ga aji ɗaya, a kuma san wanda zai ba shi ruwa a hutun Disamba, domin a ranin farko yawancinsu ke mutuwa.

Mataki na 9: Fita wajen katanga

In makaranta ta gyara nata, ta samu bakin magana. A kawo kwalayen nan taron iyaye da malamai, a bar ɗalibai da kansu su yi bayani. A je wa mai unguwa da liman da fasto da buƙata ɗaya tak, wadda za a iya cikawa, misali kada a cinna wa bolar da ke bayan makaranta wuta, ko masu babbaka da taya su matsa nesa. In magana ta ƙi, a rubuta wa PEPSA ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli da aka kafa a 2007. Takardar ta faɗi wuri, da ranaku da lokutan da aka ga hayaƙin, da yawan yaran da ke makarantar, a haɗa da hoto, shugaban makaranta da shugaban iyaye su sa hannu, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Ranar 7 ga Satumba ita ce ranar tsabtar iska ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara yi a 2020. Tana zuwa daidai shirin komawa sabuwar shekarar karatu, lokacin da ya dace a zauna a raba aiki: wa ke da ramin taki, wa ke da bakin get, wa ke riƙe da sunayen masu asma. In watan da aka yi gwajin farko ya zagayo, a sake rataye sababbin kwalaye a wuraren nan shida, kwana bakwai daidai, a jera su gefen na bara. Wurin da kwalinsa bai yi haske ba, daga nan aikin zango mai zuwa zai fara.